Idon Lami na Hagu

Tun da muka dawo daga Bawku ban huta da tambaya ba. A makarantar da nake koyarwa, a bakin famfo, har a gidan suna, kowa sai ya tare ni: yaya hanya, yaya garin, da gaske ne wai mata ke goya maza a babur, kuma yaya idon yarinya? Ta ƙarshen nan ita nake kauce wa. Bakina ya gaji da cewa "da sauƙi, alhamdu lillahi," don na san rabin gaskiya ce. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa. Sau biyu muka je, kuma ba za a gane tafiya ta biyu ba sai an ji ta farko.

Lami ita ce 'yata ta fari. Ba sunanta na yanka ba ne, ranar Alhamis aka haife ta. Mu tsoffin Hausawan Salaga har yau uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kuma nuna ta damu da shi a gaban mutane, balle a gaban surukai. Tun tana ƙarama take fama da ƙaiƙayin ido, ta yi ta murza shi da bayan hannu har ya yi ja. Da ta kusa ashirin, tana koyon ɗinki, sai zare ya fara ƙin shiga mata allura. Aka yi tabarau, ba a jima ba ya daina aiki, aka sake wani, shi ma haka. Wani likita a Tamale ne ya gano abin. Ya ce wannan fata mai kama da gilashi da ke rufe baƙin ido ita ce ke sirancewa, tana turowa waje kamar tsinin ƙwai. Sunan cutar keratokonas. Ya ce akwai aikin da ke tsayar da ita, kuros-linkin, wanda ke ƙarfafa fatar kamar yadda sitaci ke sa zane ya tsaya. Ba ya dawo da ganin da ya tafi, sai dai ya hana sauran tafiya, kuma in fatar ta yi siriri da yawa ba ya yiwuwa. Ya ce wata likita daga kudu tana zuwa asibitin ido na Bawku da na'urar aikin lokaci-lokaci, mu hanzarta.

Kowa ya san hanyar Tamale da Bolga ta fi sauƙi. Amma mahaifin Lami ya rasu, kuma ba a sa wa 'yar mutane wuƙa a ido ba tare da dangin ubanta sun sani ba. Babbansu yana Yendi. Ta can muka bi.

Motar Bimbilla da muka shiga, doya ce fasinjanta na gaske, mu cikon benci ne. Ƙafafuna a kan doya, jakata a kan cinya, wani ɗan akuya kuma a ƙarƙashin kujera yana taunar bakin mayafina, ban sani ba sai da muka sauka na ga ya yi masa ado. Lami ta zauna jikin taga ta rufe ido da gyale saboda haske. Wata mata 'yar Konkomba da ke gefenta ta ɗauka kuka take, ta yi ta shafa mata baya tana ba ta gyaɗa, ba mai jin yaren wani. A Bimbilla muka sauya mota, muka shiga Yendi da la'asar.

Baba Imoru yayan marigayi mijina ne, tsohon wanzami, dogo, mai son raha da son a ji maganarsa. Rabin mazan unguwarsu shi ya yi musu askin suna. Gaisuwar Dagomba, mutanen Yendi, kuwa, wanda bai iya tsuguno ba kada ya je. Mu a Salaga mukan rusuna mu miƙe. Can sai ki durƙusa, a tambaye ki gida, hanya, sanyi, aiki, mutanen da kika baro da waɗanda kika manta da su, ke kuma kina "naa, naa" har gwiwa ta fara kiran sunan Allah. Da na gama zagaye tsofaffin gidan, da bango na dafa na tashi.

Hausarsa irin ta zangon Yendi ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ya jawo Lami, ya buɗe mata ido da babban yatsa yana dubawa.

"Wannan yarinya, shi ne ya ɗauko idon ubanshi," ya ce. "Hajara, ka yi kyau da ka biyo ta nan. Gobe ni da kaina zan kai shi. Zuwa da kai ya fi aike."

Ban so ba, ban kuma ƙi ba. Namiji a hanyar Bawku abin so ne, kuma na san yadda yake ji da ita. Aka kawo mana wasa-wasa, wannan abincin garin doya mai baƙi-baƙi, da manja da yaji. Lami ta ci har ta nemi ƙari. Ni dai na ci don kada a ce matar Salaga ta raina tukunyar surukai.

Washegari Baba ya fito cikin batakarinsa mafi nauyi, rigar saƙi mai faɗi wadda in ya juya sai ta yi iska, da zabirarsa ta aski a kafaɗa, wai ko a hanya wani zai so gyaran fuska. Muka bi ta Gushegu. Taya ta fashe a wani ƙauye, kafin a gyara har ya yi wa direba da wasu fasinja biyu aski a gindin kaɗanya. Na zauna ina kallon hannunsa. Kowane kai sai ya yi bisimilla, ya karkato shi, ya fara daga dama. A gangaren dutsen Nakpanduri kuwa rahar ta tsaya, motar ta yi tsit, sai salati, har Kiristocin ciki suna taya mu.

Kafin Bawku akwai shingen sojoji. Saboda rikicin garin, a lokacin an hana maza sa batakari, wai ana ɓoye makami a ciki. Ba wanda ya gaya wa Baba. Wani soja sa'an ɗan cikinsa ya ce ya tuɓe. Sannan aka buɗe zabira aka ga asake jere. Na ce yau mun kwana a bariki. Da ƙyar direba ya cire hula ya nuna musu sabon askinsa, suka yi dariya, suka riƙe asaken suka ce in zai koma ya karɓa. Haka Baba Imoru ya shiga Bawku da 'yar singileti da tawul ɗin Lami a wuya, yana cewa tun da aka yi masa kaciya ba a taɓa tozarta shi haka ba.

Masaukinmu gidan Hajiya Memunatu ne, mai sayar da albasa, ƙawar wata ƙanwata. Ɗakin da ta ba mu rabinsa buhunan albasa ne, har yau in na buɗe jakar da na je da ita sai na ji. Ta tarbe mu da zomkom, ruwan gero mai yaji da Mosawa ke ba baƙo. Na ɗauka kunun zaƙi ne na kwankwaɗa, ya shaƙe ni, ta yi ta dariya. Abin da ake faɗa game da babur gaskiya ne: an hana maza tuƙi, mata ke yi. Na ga dattijo da gemu, zaune a bayan 'yar budurwa, ya riƙe ƙarfen baya ya ɗaure fuska kamar ba shi ba. Magariba na yi kowa ya shige gida, dokar hana fita ta kama. Garin da ake hada-hadar shanu da hatsi da rana sai ya koma kamar an share shi. Amma zabo dai, wanda bai ci gasasshen zabon Bawku ba kada ya sa baki in ana maganar nama.

A asibiti muka tarar da layi, mutane daga Garu, Tempane, har da na ƙetare. Likitar 'yar siririya ce mai magana a hankali, ba ta jin Hausa. Wata nas mai suna Sista Ayishetu ke fassara wa Baba. Aka sa Lami ta ɗora haɓa a wata na'ura, hoton idanunta ya fito kala-kala. Likita ta ce duka biyun na bukatar aikin, amma ɗaya ake yi, ya warke, sannan a yi ɗayan in ta sake zuwa bayan 'yan watanni. Ta nuna mana na hagu, inda ya yi ja a hoton. Ta ce shi ya fi sirancewa, yana bakin iyaka, in ita ce da shi za ta fara.

Baba ya gyara zama. "Sista, gaya ma shi. Ni wanzam ne. Tun ban da gemu nake sa aska a kan mutane, ban taɓa fara kai daga hagu ba. Takalmi ma dama ake fara sawa. Ido ne za a fara da hagu?"

Sista ta fassara. Likita ta yi murmushi ta ce wannan ba aski ba ne.

"Na ji," ya ce. "To wane ido ne yarinya yake gani da shi da kyau paa?"

"Na dama."

"Yauwa. In gobara ya kama gida, ɗakin da ke da kaya ake fara karewa. A kare mai kyau tukuna. Na hagu ya jira, ba watanni kaɗan ba ne?"

Likita ta ce maganarsa ba wauta ba ce, akwai likitocin da ke bin wannan ra'ayi, na dama ma yana lalacewa. Amma na dama zai iya jira, na hagu kuwa ba ta da tabbas. Sannan ta juyo ta dube ni, ta tambaye ni da Turanci, ni uwa me na gani.

Na ji duk abin da ta faɗa tun kafin a fassara. Na ga jan da ke hoton. A raina na hagu nake so. Amma 'yar fari ce, ga yayan ubanta zaune, ya baro gidansa, an tuɓe shi a hanya saboda ita. Ni da nake tsawata wa aji guda na yara su yi tsit, sai na sunkuyar da kai na ce, "Abin da babanta ya ce." Aka tambayi Lami, tunda ita za ta sa hannu. Ta juyo wajena. Na kau da kai, yadda aka koya mini. Ta ce, "Na dama."

Aikin kansa bai ɗauki lokaci ba. Lami ta ce an ɗiga mata maganin kashe zafi, aka kankare saman idon kaɗan, aka yi ta ɗiga wani ruwa rawaya, sannan aka haska mata wata fitila mai shuɗi-shuɗi aka ce kada ta motsa. Aka rufe da wani ɗan gilashi mai laushi. Zafin sai da muka koma gida ya zo. Kwanakin farko hawaye kawai take, ta ce kamar an zuba mata yashi da barkono. An hana ta murzawa, an hana kwalli, an hana ruwa shiga. Baba ya zauna a ƙofar ɗaki kamar dogari, in ta ɗaga hannu sai ya ce, "Kul." Shi ya riƙa ba ta labarin ƙuruciyar ubanta har ta yi dariya da ido ɗaya.

Ɗaya daga magungunan ɗigawa ya ƙare a kantunan garin. Hajiya Memunatu ta ce a ƙetare ba a rasawa, ta goya ni a babur ɗinta zuwa Kulungugu, bakin iyakar Burkina. Tuƙinta na mai albasa ne, ba ta san rami ba. A iyaka na tuna na bar katin shaidata a jakar Lami. Jandarman can, wato ɗan sandansu, ya yi mini Faransanci mai tsawo, na yi masa Turanci, ba mu haɗu ba. Hajiya ta sauko ta yi masa Mosanci, ta tambayi lafiyar uwarsa, ashe abokiyar cinikinta ce. Ya ce mu wuce mu dawo kafin ya tashi aiki. Abin da ya ba ni mamaki, taku kaɗan ne tsakani, amma burodi ya koma dogo kamar sanda, shayi ya koma kofi, kowa kuma "madam" yake ce mini da wata irin murya ta hanci. Muka samo maganin, na sayo wa Baba burodin, ya ce wannan ai na dukan ɓarawo ne.

Da idon ya lafa aka sallame mu. Likita ta ce aiki ya yi kyau, mu dawo da zarar an kira mu. A shinge Baba ya karɓi asakensa, ya ƙirga su a gaban sojan, ya mayar da batakarinsa. Muka rabu a Yendi kowa na murna. Ni ma na yi murna, har na ce wa kaina abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Kiran bai zo ba. Rikici ya sake tashi, motoci suka daina shiga Bawku sai da rakiya, likita ta ɗage zuwanta, ta sake ɗagewa. Na nemi inda ake yi a kudu, aka ce mu shiga layi. Muna cikin jira, wata safiya Lami ta fito daga ɗaki ta rufe fuska da hannu. Da na janye hannun, baƙin idonta na hagu ya koma fari kamar an ɗiga nono. A Tamale aka ce fatar ce ta tsage daga ciki, ruwa ya shige ta. Aka ba mu magani. Farin ya yi ta raguwa a hankali, amma ya bar tabo a tsakiya, daidai inda ake gani.

Da hanya ta buɗe aka kira mu. Na so mu bi ta Tamale mu biyu, shiru. Lami ta ce a'a, Baba zai ji ciwo. Muka sake bi ta Yendi. Ya buɗe idon da yatsa kamar wancan karon, ya daɗe yana kallo. Da safe ya fito da jallabiya, ba batakari, ba zabira. Hanya ita ce dai, gangaren Nakpanduri na nan, Hajiya Memunatu ta sake tarbarmu da zomkom da zabo. Ban iya tuna ɗanɗanon komai ba.

Likita ta fara da albishir. Na dama ya tsaya cak, bai ƙara lalacewa ba, in an sa masa wani ɗan gilashi mai tauri Lami za ta koma kan keken ɗinkinta. Sannan ta duba na hagu, ta jingina da kujera. Ta ce lokacin wannan aiki ya wuce. Ko an yi, tabon ba zai bar ta ta gani ba. Abin da ya rage sai dashe, a cire fatar a sa ta wani mutum, kuma samunta a ƙasar nan sai an yi dogon jira. Ba ta ce "na gaya muku" ba. Da ta faɗa, da na sami wanda zan ji haushi.

Na tambaye ta da Turanci, don kada Baba ya ji, ko da an fara da na hagu da ya tsira. Ta ce ba wanda zai rantse, amma mai yiwuwa ne ƙwarai. Da-na-sani ƙeya ce, in ji mutane. Kalma ɗaya ce tawa a wancan ɗakin, an kuma tambaye ni, na haɗiye ta don kada a ce ba ni da kunya. Wannan baƙin cikin ina jin da shi za a binne ni.

Baba bai ji Turancin ba, amma ya ga fuskokinmu. Ya sa Sista Ayishetu ta maimaita masa maganar dashe. Sai ya matso da kujerarsa, ya ja fatar idonsa na hagu ƙasa da yatsa.

"Gaya ma shi ya duba nawa. In yana da kyau, a cire a sa ma yarinya. Ni na gama ganin duniya."

Sista ta ce, "Baba, ba a cire na mai rai. Sai mutum ya rasu, in ya bar wasiyya."

Na ɗauka zai yi a'uziyya. Mutumin da ya sha faɗa a gabana cewa gawar Musulmi ko farce ba a yanke mata. Sai ya ce, "Tsoho ma ana karɓa?"

Likita ta ce akan karɓa in fatar na da lafiya, amma ba haka abin yake tafiya ba, akwai wurin ajiya, akwai layi, ba a cewa ta wane ta wance ce, kuma Yendi ta yi nisa. Sista ta fassara duka. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya ji abin da yake so ya ji, ya bar sauran.

A hanyar dawowa bai yi raha ba, bai ci komai ba sai goro. Lami ta yi ta jansa da hira, tana cewa ido ɗaya ya ishe ta zura zare, ya ce to. A tashar Yendi ya ce kada mu sauka a gidansa, mu wuce kada dare ya yi mana. Lami ta je sayen ruwa. Na sauko na durƙusa in yi masa sallama, ya sunkuyo yadda ni kaɗai zan ji.

"Hajara, zan gaya ma liman da yarana maganar idona, kowa zai ji. Ka riƙe lambar sistan nan. Ka ce ma yarinya ya ƙara haƙuri kaɗan, ba zan daɗe ba."

Na ce, "Haba Baba. Allah ya ja kwana."

Bai ce amin ba.